Rubutu Ma Sana'ar Cikin Gida Ce

Wadda ke gaban murhu, sannu da hayaƙi. Wadda ke kan keken ɗinki, ɗan sassauta ƙafa ki ji ni, domin yau maganar sana'a za mu yi, kuma sana'ar da na fi sani, wato rubutun littattafan hikaya.

Wata baiwar Allah ce ta aiko mini da saƙo daga Gusau, ta ce kada in ambaci sunanta, to ba zan ambata ba. Ta ce shekararta tara a gidan miji, ba ta fita sai asibiti ko ta'aziyya, karatunta na boko kuma a aji uku na sakandare ya tsaya. Ta ce akwai wani labari da ya daɗe yana yi mata yawo a ka, har ta cika littattafan makaranta huɗu da shi, ta ɓoye a ƙasan akwati. Sai ta ce, "Anti, matar kulle irina tana iya zama marubuciya? In kuma ta zama, ana samun na cefane a ciki, ko wahala ce kawai?"

To 'yar'uwa, amsar tambayarki ta farko gajeriya ce. Tana iyawa ƙwarai, domin ni ma da nake miki magana a ɗaki na fara. Ta biyun ce mai tsawo, sai ki gyara zama.

Na fara rubutu a 1996, ina goyon ɗana na biyu. Ba ni da tebur, ba ni da kujera. Tiren abinci nake kifawa a cinya, in ɗora littafin makaranta, in kunna fitilar ƙwai idan an ɗauke wuta. Lokacina kuwa bayan isha ne, in yara sun yi barci, sai kuma ɗan tsakanin nan na bayan azahar, kafin a ɗora sanwar dare. Wata rana shafi biyu, wata rana layi uku, wata rana yaro na zazzaɓi ko biro ba zan taɓa ba.

Kuskuren farko da na yi, ban gaya wa maigidana ba. Kunya nake ji, ina ganin zai yi mini dariya. Rannan yana neman makullin babur ya ɗaga matashi, sai ga littafi. Ya buɗe, ya faɗa daidai inda saurayin cikin labarin yake zuba wa budurwa kalamai. Wallahi kwana uku bawan Allah nan bai ci tuwona ba. Shi a ganinsa wasiƙa ce wani ya rubuto mini nake kwafewa. Sai da na ɗauki littafin na kai wa gwaggonsa, na karanta mata tun daga shafin farko, ta yi ta dariya har da hawaye, sannan ta kira shi ta yi masa faɗa, ni ma ta yi mini nawa. Ta ce, "Ke kuma, ana sana'a a gidan mutum bai sani ba?" Gaskiyarta. Daga baya shi ya riƙa sayo mini biro da kananzir. Saboda haka, ƙanwata ta Gusau, kafin komai fito da littattafan nan daga ƙasan akwati. Zaɓi lokacin da maigida yake cikin nishaɗi ki nuna masa da hannunki. Gara ya ji daga bakinki da ya tsinta.

Kada kuma ki ɗauka baƙon abu kike yi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajoji na ɗaukar waƙoƙinta suna kai wa matan ƙauyuka har cikin gidajensu. A zamanin boko kuwa, Hajiya Hafsat Abdulwahid ce ta buɗe mana ƙofa da So Aljannar Duniya, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, amma ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, har aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Ga Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, Anti Bilki, mai Allura Cikin Ruwa, wadda da wuya ki shiga gidan da ake karatun Hausa ba a san sunanta ba. Kin ga ashe hanya ce da manya suka riga suka share.

Abin da ya kamata ki sani shi ne, yawancinmu babu wani kamfani da ya ɗauke mu. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arziki ya tsuke, manyan kamfanonin ɗab'i suka fi karkata ga littattafan makaranta, inda ciniki yake da tabbas. A daidai lokacin kuma masu karatu suka ƙaru, musamman mata, albarkacin makarantun firamare da azuzuwan yaƙi da jahilci. Ga masu son karatu, ga masu labari a hannu, babu mai bugawa. Shi ne marubuta suka ce bari mu buga da kanmu. To mai buga littafinta da kanta, ita ce marubuciya, ita ce mai jari, ita ce mai bin bashi. A nan ne rubutu ya zama daidai da suyar ƙosai ko ƙuli-ƙuli ko haɗa turaren wuta. Kuma a nan ne na sha kashi.

Bari in bi da ke hanyar da littafina na farko ya bi. Na sa jarina, kuɗin adashe ne da na wata tunkiya da na sayar. Ƙanena ya ɗauki rubutun ya kai wa mai bugawa a kwamfuta. Aka dawo mini da shi na gyara, aka mayar, aka sake dawowa. Aka kai wa mai zanen bango. Daga nan sai maɗaba'a, inda ake ɗora shafukan a kan wasu farantan ƙarfe da injin ke bugawa da su. Sai a naɗe, a ɗinke da waya, a datse gefe, a ɗaure bandir-bandir, a kai wa 'yan kasuwar littattafai a wajen Bata da Sabon Gari a Kano. Su ne ke rarraba wa masu zuwa sari daga garuruwa. Duk wannan tafiya, ni ina tsakar gidana, ban ga injin ba, ban ga shagon ba. Da aike na yi komai.

To 'yan'uwa, ku da kuke sana'a, akwai wadda take sakin tiren talla ba ta ƙirga abin da ke kai ba? Mai ƙosai ta san ƙwaya nawa ta zuba, yarinya na dawowa za ta zaunar da ita a yi lissafi, ko ciniki ko saura. Amma ni, don murnar ganin sunana a bango, na saki kwafi dubu biyu babu takarda, babu shaida. Aka ce in an sayar za a aiko. Aka riƙa aiko mini da kuɗi tsigi-tsigi, yau kaɗan, bayan wata biyu kaɗan, har na rasa nawa na karɓa, nawa ya saura. Da na matsa, sai aka ce ai littafin bai shiga ba, yana nan jibge.

Bayan kusan shekara biyu, wata 'yar'uwar maigidana ta zo daga Maraɗi, ta fito da littafi daga jaka ta ce in sa mata hannu, wai can kowa karanta shi yake yi. Na karɓa na duba. Littafina ne, sunana ne, amma launin bangon ba irin wanda na zaɓa ba ne. Ashe an sake bugawa, ban sani ba. Farantan nan da na biya kuɗinsu na bar su a maɗaba'a, da su aka yi ta aiki. Na yi kuka ranar, ba don kuɗin kaɗai ba, don ganin yadda aka mayar da ni sakarya. Da aka zauna maganar, tambaya ɗaya aka yi mini, "Ina takardar yarjejeniyarku?" Babu. Magana ta mutu a nan.

Ku duba fa, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ni ga ni marubuciya, na cika shafi ɗari biyu da labarin wasu, na kasa rubuta layi biyar na haƙƙina. Tun daga ranar na sayi littafi na musamman na lissafi. Kuɗin bugu a kwamfuta, na gyara, na bango, na takarda, na faranti, na ɗinki, na dako, har da na motar ɗan aike, duk sai na rubuta. In raba da yawan kwafi, in san nawa kowane ɗaya ya tsaya mini, sannan in yanke farashin sari. Wanda zai karɓi kaya ya sa hannu, wakilina ya sa hannu, a rubuta ranar biya. Farantaina kuma su kwana a ɗakina. Ki lura, takarda ita ke cinye mafi yawan jari, kuma galibinta daga waje ake shigo da ita, don haka duk ranar da dala ta motsa, lissafinki ya motsa. Shi ya sa kika ga littattafanmu kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku. Ba jan rai ba ne kaɗai, cinikin na ɗaya ne ke buga na biyu.

Yanzu zamani ya juya. Kasuwar bugaggen littafi ta ja baya, karatu ya koma waya. 'Yan matan marubuta suna rubutawa da babban yatsa, su saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, wadda labari ya kama ta tura kuɗi ta banki a sa ta a zauren masu biya, wasu kuma su ɗora a manhajar ArewaBooks. Ga matar kulle wannan sauƙi ne babba, babu jarin takarda, babu ɗan aike, kuɗi na shigowa hannunki kai tsaye. Amma ɓarawon bai mutu ba, riga ya canza. Mutum ɗaya za ta biya, ta tura wa mutum hamsin. Wani ya ɗauki labarinki ya karanta a YouTube, ya ci kuɗin bai ko gaishe ki ba. A nan zan roƙe ku, ku masu karatu. Wadda ta tura littafin da aka ce na kuɗi ne, ta san cewa daren wata ta ɗauka ta yi kyauta da shi. Ke kuma mai rubutu, kada ki bar aikinki a wuri ɗaya. Waya na faɗawa ruwa, manhaja na rufewa, kamar yadda OkadaBooks ta rufe a 2023. Ajiye kwafinki a wani wurin, ko da a takarda ne.

To ana samun na cefane? Ana samu, ba zan ɓoye miki ba. Da kuɗin littafi na sayi firji, da shi na sha biyan kuɗin makarantar yara lokacin da kasuwar maigida ta yi sanyi. Amma ba kullum ba ne. Wani littafin ya mayar da jari har da riba, wani ya kwanta, ɓera ya ci rabinsa. Har yau ina haɗa turaren wuta da humra, ban bari ba. In kina da ɗinki ko kitso, riƙe abinki, kada ki saki reshe ki kama ganye.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina, ita ce ma ta sa na zaɓi saƙon nan a cikin saƙonni. Asarar kuɗi ana mayarwa. Akwai asarar da ba ta mayuwa.

Mu mata, jarinmu na labari a cikin gidaje yake. Abin da muke ji a wajen kitso, a gidan suna, a ɗakin mai jego, namiji ko ya shekara yana yawo ba zai ji shi ba. Shi ya sa rubutunmu ke shiga zuciya. To amma wannan abin da muke ji, namu ne?

Ina da aminiya tun ta ƙuruciya, tare muka yi makarantar allo. Wata rana ta zo gidana da dare, da izinin mijinta wai za ta duba ni, ta rufe ƙofa ta yi kuka mai isarta. Mijinta ya karye, bashi ya yi masa katutu, har ana shirin kai shi kotu. Ita ce ta ɗauki sarƙar zinaren da ta gada daga mahaifiyarta, ta ba da aka sayar a ɓoye, ta biya masa, suka yi alkawari babu mai ji, ko abokiyar zamanta. Bayan ya farfaɗo kuma sai ya juya mata baya. Ta gaya mini ne don ta rage nauyin ƙirjinta. Na rarrashe ta, ta tafi.

Shekara na zagayowa ina rubuta littafina na uku, na zo inda labari ya tsaya mini cik. Sai Shaiɗan ya raɗa mini, ga abu a hannu. Na canza suna, na canza gari, na mayar da ɗan kasuwa ma'aikaci, na ce ai shi ke nan babu mai ganewa. Amma na bar sarƙar. Na bar yadda aka naɗe ta a tsumma aka sa a cikin kwanon tuwo aka fita da ita. Na bar har maganar da mijin ya faɗa mata, kalma da kalma, don ta yi mini daɗin rubutawa.

Littafin ya karɓu fiye da duk abin da na taɓa rubutawa. Aka karanta shi a rediyo. Abokiyar zaman nata tana tankaɗe tana saurare, ta ji kwanon tuwo, ta tuna ranar da ta ga an fita da kwano a rufe ba lokacin abinci ba, ta tuna ta daɗe ba ta ga sarƙa a wuyan uwargida ba, ta kuma san marubuciyar ƙawar wace ce. Kafin mako ya ƙare dangin miji duk sun ji. Shi kuma ya ce ta tona masa asiri a duniya. Wata bakwai ta yi a gidan iyayenta kafin manya su sasanta.

Da na je ba ta haƙuri, ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Ajiya na ba ki, kika kai kasuwa." Ta yafe mini daga baya, Allah Ya saka mata da alheri, muna gaisawa, muna zuwa sabgogin juna. Amma yau fiye da shekara ashirin, ba ta sake rufe ƙofa ta gaya mini komai ba. Littafin nan ban ƙara buga shi ba, duk da 'yan kasuwa sun yi ta nema.

Don haka ƙanwata, koma ki duba littattafan nan huɗu da idon basira. Labarin wa ke ciki? In na facalarki ne, ko na maƙwabciya, ko na yayarki, tsaya. Magana zarar bunu ce, ta baki ma ke nan, balle wadda aka rubuta ta shiga gari-gari. Ba cewa nake kada ki ɗebo daga rayuwa ba, ai babu inda za ki ɗebo sai can. Amma ki yi kamar mai haɗa turare. Ɗauki haƙurin wannan, ki haɗa da bakin waccan, ki zuba a gidan da ba na kowa ba, har ya zama ko mai abin ta karanta, ciwon za ta gane, ba kanta ba. In kuwa akwai mutum ɗaya a unguwarku da zai iya nuna gida da yatsa, yage shafin, ko ki je ki nemi izini.

Za ki kuma ji ana cewa littattafanmu na ɓata tarbiyya. Tsohuwar magana ce, har an taɓa ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a Kano a 2007. Ni dai ba na cewa duk zargin ƙarya ne. Akwai masu zuba batsa don ciniki, musamman yanzu da waya ta sa babu mai ganin fuskar wani. Ma'aunina ɗaya ne, in ba zan iya jin 'yata tana karanta shafin da ƙarfi a gabana ba, ba zan rubuta shi ba. Amma wannan bai hana a rubuta auren dole ba, ko sakin wulaƙanci, ko halin da marayu da zawarawa ke ciki. Faɗar ciwo daban, tallan alfasha daban.

Saura ƙananan abubuwa, amma su ne gishirin. Koyi ƙa'idojin rubutun Hausa. Ƙugiyar nan ta kan harafi ba ado ba ce, baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban. Ki san inda ake raba kalma da inda ake haɗawa. In kin gama babi, karanta shi da murya ga wadda ba ta jin kunyarki, inda kika ga ta fara hamma, a nan gyara yake. Ki yawaita karatun na gaba da ke, tun daga Abubakar Imam har zuwa na yau. Ki gwada gajeren labari ma, domin tun 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata don mata zalla, kuma daga ɗaki ake aikawa. Sannan kada rubutu ya ci haƙƙin gida. Na taɓa ƙona tukunyar wake ƙurmus ina neman yadda zan raba wasu masoya, ranar gari da ƙuli muka kwana a kai, kuma babu wanda ya tausaya wa masoyan.

To 'yar'uwata ta Gusau, ga aikin da na ba ki. Nuna wa maigida. Tace labarin, ki fitar da amanar mutane daga ciki. Kammala shi, domin rabin labari ba ya sayuwa. Sannan ki sayi littafi na biyar, shi kuma na lissafi. In kin yi waɗannan, ki sake aiko mini da saƙo, ina nan ina jira.

Lokaci ya yi mana halinsa. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya rufa mana asiri, Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu. Wadda na ɓata wa a cikin maganata ta yafe mini. Sai wani makon in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.